Sana'a a cikin gida: yaushe ake tashi daga aiki?

Wata ranar Laraba, ranar kasuwar Nima, wata hajiya mai sayar da wakye ta shigo kantinmu wajen ƙarfe 11 da rabi. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Ɗana, ba ni maganin ciwon kai da na ƙarfin jiki, sauri nake yi." Tun mahaifinmu yana tsaye a bayan teburin nan take sayen magani a wurinmu, saboda haka muna da bakin da za mu ce mata ta zauna minti biyar. Ta zauna tana mita. Muka auna jininta, ya nuna 172 bisa 104.

Muka tambaye ta ina amlodipine ɗin da likita ya rubuta mata. Ta zazzage jaka, ga su nan: ƙwaya 30 da ta karɓa mako shida da suka wuce, saura 11. "Wallahi ba ƙin sha nake ba," in ji ta, "lokaci ne babu."

Mun sha jin wannan magana, kuma da farko mukan ɗauke ta a matsayin uzuri. Haɗiye ƙwaya ɗaya ai ko minti ɗaya ba ya ci. Sai da muka fara tambayar mutane su lissafa mana yininsu daga farkawa zuwa kwanciya muka gane gaskiya suke faɗa. Ga na hajiyar. Tana tashi ƙarfe 2 na dare ta hura wuta, ta ɗora waken da ta jiƙa tare da karan dafi, ta zuba shinkafa, ta haɗa miya, ta ɗumama shito, ta dafa taliya da ƙwai. Ƙarfe 6 tana ƙofar gida ga layin 'yan makaranta da masu tafiya aiki. Wajen 11 tukunya ta ƙare, sai kasuwa sayen kayan gobe. Ta dawo, wanke-wanke, sannan tukunya ta biyu ta masu saye da yamma. Jikoki sun dawo daga makaranta. Bayan Isha waya ta fara: mai suna tana son kula biyu ranar Asabar, wani ya turo kuɗi ta MoMo yana so a duba ko sun shigo. Tana kwanciya wajen 11. Barcin awa 3 ke nan, shekara da shekaru. A cikin wannan yini babu wani lokaci da aka ware wa jikinta, shi ya sa ƙwayar ba ta da wurin zama.

Ma'aikacin ofis yana da lokacin tashi, mai shago a Makola yana ja ƙofa ya sa kwaɗo ya hau tirotiro. Wanda sana'arsa ke cikin gida ba shi da wannan kwaɗon. Mai koko da ƙosai, mai ɗinki a baranda, mai kitso, mai haɗa sabulu, mai sayar da atamfa da mayafi ta WhatsApp, duk inda suke kwana nan ne wurin aikinsu, kuma kowa a unguwa ya san ƙofar. A ganinmu, yawancin abin da muke sayarwa da sunan "maganin gajiya" a zangon nan ana saye ne don a toshe wannan giɓi.

Shawarar da muke bayarwa guda ce, sauran duk rassanta ne: a fara kafa lokutan jiki, wato barci da cin abinci da magani, sannan a jera sana'a a tsakaninsu. Mutanenmu akasin haka suke yi. Sana'a ce ke ɗaukar rabonta, abin da ya rage a ba jiki, kuma sau da yawa ba abin da ke ragewa.

Agogon da kowa ke ji

Muna da abin da ma'aikatan lafiya a wasu wurare ke nema ba su samu ba: kiran salla sau biyar daga kowane lungu. Kuma da yake Accra na kusa da tsakiyar duniya, lokutan ba sa gusawa sosai a cikin shekara. Asuba tana faɗowa tsakanin ƙarfe 4 da rabi zuwa 5 da 'yan mintoci, Magariba kuwa tana kewayen ƙarfe 6. 'Yan'uwanmu da ke Landan ko Hamburg ba su da wannan sauƙi, don can Asubar watan Yuni da ta Disamba tazarar sa'o'i ce tsakaninsu. Idan wannan takarda ta kai gare ku a can, ku yi amfani da ƙararrawar waya.

Maganin da ake sha sau ɗaya a rana, kamar amlodipine, a ɗaura shi da salla guda wadda ba a kuskurewa, a ajiye katin kusa da darduma ko tasbaha, inda hannun yara ba ya kaiwa. Amlodipine yana daɗewa a jiki, saboda haka safe ko dare duk ɗaya ne, abin da ake so shi ne lokacin ya tsaya. Wanda ya manta ya tuna a cikin rabin yini ya sha. Idan lokacin na gobe ya kusa, ya bar wanda ya wuce, kada ya haɗa biyu.

Na sau biyu a rana, Asuba da Magariba sun yi daidai, tazararsu ta kusa awa 12.

Na sau uku ne mutane ke ɓatawa. "Sau uku" a kan maganin kashe ƙwayoyin cuta irin amoxicillin yana nufin duk bayan awa 8. Mai aiki takan manta da safe, ta sha ƙarfe 2, ta sha ƙarfe 5, ta sha ƙarfe 8, ta ce ta cika uku. Ta cika lissafi, amma daga 8 na dare zuwa 2 na ranar gobe awa 18 jiki ba magani. Azahar da La'asar da Magariba ma sun yi kusa da juna, ba za su yi ba. Abin da ya dace: Asuba wajen 5, Azahar wajen 1, sai ƙarfe 9 na dare.

Maganin zazzaɓin sauro, artemether-lumefantrine, yana da nasa tsari. Sha shida ne a kwana uku. Na biyu yana zuwa awa 8 bayan na farko, sauran kuma safe da dare. Yana buƙatar abinci mai ɗan maiƙo ko madara kafin jiki ya karɓe shi yadda ya kamata. Kullum sai mun ga wanda ya ji sauƙi a rana ta biyu ya koma kan keke ko gaban murhu ya bar sauran, bayan mako biyu ya dawo yana cewa maganin jabu ne.

Akwai wanda ake gujewa da gangan, wato maganin hawan jini mai sa fitsari, kamar bendroflumethiazide. An rubuta "da safe" a jikin ambulan, mai koko kuma tana da layin mutum goma a gabanta ƙarfe 6, ba ta da wanda za ta bar wa ludayi. Sai ta daina sha ba ta gaya wa kowa ba. Likitan da ya rubuta "da safe" safiyarsa yake nufi. Safiyar mai koko ƙarfe 3 ce, tana cikin gida, kuma tana iya sha a lokacin. Wata kuma ya fi mata ta sha da ta kwashe tebur kafin Azahar. Da yamma ne ba a so, don zai hana barci. Ku faɗa wa likita ko mu yadda yininku yake, a daidaita. Gyara ne na minti biyu.

Masu ciwon suga su ne muka fi jin tsoro a kansu. Ana saura kwana huɗu Babbar Salla aka kawo mana wani tela a Mamobi, yaransa biyu na riƙe da shi, gumi ya jiƙa rigarsa, hannu na rawa, magana ba ta fita daidai. Ya sha glibenclamide da asuba da niyyar zai karya in ya gama wuyan wata riga. Riga ta ja riga har ƙarfe 1. Sugansa ya sauka ƙasa da 3. Irin wannan magani yana sauke suga ko ka ci ko ba ka ci ba, shi ya sa ba a raba shi da abinci. Duk wanda ke shan sa, ko gliclazide, ko yake allurar insulin, ya ajiye suga a aljihun keken ɗinki ko kusa da akwatin kuɗi. In aka ji rawar jiki da gumi da yunwa mai tsanani, ko ma'auni ya nuna ƙasa da 4, a narka cokalin shayi uku ko huɗu a ruwa a sha, a bi da abinci. In mutum ya suma, kada a ɗura masa komai, asibiti kai tsaye. Telan nan ya warware cikin kwata, abin da ya fara tambaya kuwa shi ne ko an kashe masa dutsen guga.

Barci, da abin da ake saye a madadinsa

Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye. Mun san mai wakye ba za ta same su a jere ba, kuma ba za mu ce ta bar sana'ar da ta aurar da 'ya'ya da ita ba. Amma ana iya rabawa. Wadda ke tashi ƙarfe 2, in ta kwanta 8 da rabi bayan Isha ta samu 5 da rabi, ta ƙara awa ɗaya da rabi tsakanin Azahar da La'asar, ta cika. Ƙailula ba lalaci ba ce, malamanmu ma sun koyar da ita. Wanda ke samun barcin dare cikakke, minti 20 zuwa 30 da rana ya ishe shi.

Rashin barci mai ɗorewa yana da hannu a hawan jini da rikicewar suga, kuma shi ke sa hannu ya kuskure a gaban tafasasshen mai. Abin da ya fi damunmu shi ne abin da ake sha don a rufe shi. Diclofenac da ibuprofen, waɗanda wasu ke sha kullum kamar goro saboda ciwon baya da gwiwa, suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin wasu magungunan hawan jini, suna cin ciki, suna taɓa ƙoda. Paracetamol ya fi sauƙi, amma iyakarsa ga babba ƙwaya 8 masu 500 a cikin awa 24, kuma yawancin magungunan mura da na "ciwon jiki" da ake haɗawa suna ɗauke da shi a ciki, mutum ya wuce iyaka bai sani ba. Lemun ƙara kuzari da kofi da ataya mai kauri, sinadarin da ke cikinsu rabinsa yana nan a jini bayan kamar awa 5. Wanda ya sha ƙarfe 5 na yamma don ya ƙarasa aiki, ƙarfe 10 zai kwanta ido biyu, gobe ya tashi a gajiye ya sake sha. Tramadol kuwa duk mun ga abin da ya yi wa samarin zango a shekarun baya, kuma da yawansu da "don in iya aiki" suka fara. Ba ma sayar da shi ba takardar likita, kowa ya zo da fushinsa.

Ba daga sama muke magana ba. A kantin nan mun yi shekaru abincin ranarmu sai bayan La'asar, a tsaye, muna gaya wa mutane su ci a kan lokaci. Sai da ɗayanmu ya kwanta da gyambon ciki muka fara rufe rabin ƙofa na minti 30 bayan Azahar. Kwana uku aka yi ana ƙwanƙwasawa, daga nan unguwa ta saba.

Waya da ƙofa

Sabon abin da iyayenmu ba su yi fama da shi ba shi ne waya. Mai sayar da kaya ta WhatsApp takan amsa "nawa ne wannan?" ƙarfe 12 na dare, don tsoron kada mai saye ya tafi wurin wata. Mafi yawan masu tambayar tsakar dare ba saye za su yi a daren ba. WhatsApp Business, wanda kyauta ne, yana da wurin rubuta lokutan aiki da saƙon da ke amsawa da kansa in an tashi, yana da wurin jera kaya da farashi. Mai farashi a rubuce ta huta da rabin tambayoyin. A ware lokaci biyu ko uku a yini na amsa saƙo da duba MoMo, a tara aike ya fita sau ɗaya maimakon kiran mai babur sau biyar. Da dare waya ta kwana nesa da matashi.

Ƙofa ta fi waya wuya, domin nan zumunci ne. Maƙwabciya ta leƙo "ina wuni" ta zauna awa guda. Dangi na ganin tunda kina gida ai ba aiki kike ba, sai a aiko miki da yara ki duba, a ce ke za ki raka wance asibiti. Ga suna, ga aure, ga addu'ar bakwai da ta arba'in, kusan kowane ƙarshen mako. Ba mu ce a yanke wannan ba. Shi ne zango, kuma ranar da ciwo ya kwantar da mutum waɗannan mutanen ne za su zo da kwano. Amma mun lura matan da suka daɗe a sana'a lafiya lau duk suna da wata magana da suka saba faɗa ba tare da ɓata rai ba: "Yaya, bari in sauke tukunya, bayan La'asar ina nan tafe." Kuma suna zuwa. Da mutane sun gane bayan La'asar ɗin gaskiya ce, sai su daina zuwa da hantsi. Maigida da manyan 'ya'ya su ma da nasu: in kuɗin tukunyar na shiga cefane da kuɗin makaranta, wanke tukunyar da amsa sallama lokacin da Mma ke ƙailula ba alfarma ba ce.

Aikin da ba a haɗa shi da komai

Akwai aikin da ake iya yi ana hira, akwai wanda in aka haɗa shi da wani abu rai ne a ciki. Na farko a nan shi ne jiƙa sodar sabulu. In ta narke a ruwa ba ta da launi, kamar ruwan sha take, kuma akan bar ta ta huce a bokiti ko a robar da aka saba shan ruwa da ita. Likitocin yara a ƙasar nan sun san wannan masifa sarai: uwa ta jiƙa soda, mai saye ya yi sallama, ta fita minti biyu, yaro mai shekara biyu ya kurɓa. Tana ƙona maƙogwaro da hanyar abinci, wani yaron sai an yi masa aiki sau da yawa kafin ya iya haɗiye tuwo. A jiƙa soda lokacin da yara ke makaranta, a ɗaki mai kulle, waya a ajiye, ba a amsa sallama sai an rufe an ɗaga. In tsautsayi ya faɗa, kada a ba yaro manja, kada a sa masa yatsa ya yi amai, domin abin da ya ƙona wajen shiga zai sake ƙonawa wajen fita. A wanke baki da fata da ruwa mai yawa, a ɗauki robar a tafi asibiti nan take. Kananzir a kwalbar lemo shi ma haka.

Masu abinci kuma lokaci na cikin tukunyarsu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba zafi ba sanyi. Ko ya zauna da zafinsa sama da digiri 60, ko ya shiga firiji. Shinkafa ta fi kowa rashin haƙuri, don akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa ta saki dafi in shinkafar ta huce, kuma ɗumame ba ya kashe dafin. Wadda ke dafa tukunya ɗaya ƙatuwa don ta huta da dahuwa biyu, ta tabbata garwashi na ƙarƙashinta har ta ƙare. Gawayi kuma ba a kwana da shi a ɗaki a rufe, ko ana ruwa.

Sai ranar asibiti. Mai sana'ar gida ba ta da takardar hutu, ranar da ta je layin likita ranar ba ciniki, shi ya sa ake ɗagawa har magani ya ƙare. A sa ranar cikin lissafin wata kamar kuɗin susu, a sanar da masu saye tun jiya. Katin inshorar lafiya tun ƙarshen 2018 ana sabunta shi ta waya da *929#, ba sai an kashe yini a ofis ba, a duba shi kafin ya mutu. Awon jini kuwa a kantin magani minti biyar ne. Abin da ake nema ga yawancin mutane shi ne ƙasa da 140 bisa 90.

Hajiyar wakye ba mu ba ta maganin ƙarfin jiki ba ran nan, ta fita tana cewa mahaifinmu ya fi mu sauƙin kai. Mun rubuta mata takarda ta koma wurin likitanta a makon, ta ɗaure katin amlodipine da tasbaharta da roba. Abin da ya yi wuya shi ne tukunyar yamma. Mun zauna da ita da babbar 'yarta muka yi lissafi: bayan an cire gawayi da mai da abin da ke kwantai, ribar yamma ba ta kai rabin ta safe ba, ita ce kuma ke cinye ƙailula da farkon dare. Hajiya ta ce masu sayen yamma mutanenta ne na shekara ashirin, ba za ta kore su ba. Aka tsaya a kan 'yar ta karɓi yamma kwana huɗu a mako, Juma'a ba tukunyar yamma sam. Kuɗin da ke shiga hannun hajiya ya ragu, kuma ba ta ɓoye mana cewa tana jin zafin hakan ba.

Bayan wata biyu ta zo, jinin 148 bisa 92. Bai kai inda ake so ba, likita ya ƙara mata magani na biyu. Ciwon kan safe ya tafi. Wayar ce har yanzu take kwana da ita ƙarƙashin matashi, wai kada mai suna ta kira ta rasa ta, kuma a kan wannan muna nan muna ja da ita duk ranar Laraba.